Kafin Mai Sayen Dutse Ya Iso Gonarka

[Kiɗan buɗe shiri]

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga mutanen Kajiji da Shagari da Lambara da Dandin Mahe, da na Sifawa da Boɗinga, da duk wanda muryata ta iske a gona ko a shago, ko a cikin mota a kan hanyar Tambuwal zuwa Jega. Iyayenmu sarakuna, Allah shi ba ku nasara. Iyayenmu mata da ke sauraro daga cikin gida, sannunku da aiki. Akwai wurin da maganar yau za ta zo kanku kai tsaye, don haka kada ku yi nisa da rediyon.

Yau maganar dutse za mu yi.

In ka tsaya a bakin titi a Kajiji da hantsi, ɗaga kanka ka dubi rufin rumfuna. Za ka ga farantin sola an jingina shi yana kallon rana, igiyar wuta ta sauko ta shiga rumfar mai caji, inda wayoyi ke jere a kan katako, kowace da 'yar takarda mai lamba a manne a bayanta. Ƙarƙashin teburin akwai batir, shi ke riƙe wutar har bayan isha'i. Ka gangara fadama kuma, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manomin da ya samu hali ya ajiye injin mai shan fetur ya koma na sola, yana ba albasarsa ruwa babu hayaƙi, babu ƙara, babu jarka. Wannan alheri ne, kuma ina cikin masu murna da shi. Amma wannan faranti da wannan batir ba daga sama suka faɗo ba. Kowane ɗayansu daga rami ya fara, a gonar wani ko a dajin wani garin. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne yadda manyan ƙasashe masu masana'antu suka tashi haiƙan wajen neman waɗannan duwatsu, da abin da hakan ke nufi ga mai gona a ƙasar Shagari da Boɗinga.

Bari mu ɗauki ƙasa ɗaya mu yi misali da ita, wato Jamus, wadda ta fi kowa ƙarfin masana'antu a Turai. Da kwal aka gina arzikin Jamus. Shekara fiye da ɗari suna tono shi suna ƙonawa, suna narka ƙarfe, suna ƙera motoci. Da masana suka tabbatar cewa hayaƙin kwal da na mai ne ke ɗumama duniya, yana rikita damina, sai suka fara juyawa. A shekarar 2000 suka kafa dokar da ta ce duk wanda ya samar da lantarki daga rana ko iska, ko da manomi ne a kan rufin rumbunsa, dole a saye shi a farashi tsayayye na tsawon shekara 20. A lokacin, abin da suke samu daga irin waɗannan hanyoyi bai wuce kashi 6 ko 7 cikin 100 na wutarsu ba. Zuwa 2023 ya haura rabi. Sun rufe tashoshin nukiliyarsu uku na ƙarshe ranar 15 ga Afrilun 2023, sun kuma rubuta a doka cewa ba za a wuce 2038 ana ƙona kwal don lantarki ba. Burinsu shi ne a 2030 kashi 80 cikin 100 na wutarsu ya fito daga rana da iska da makamantansu. Ku tuna fa, ƙasa ce da rana ke yi mata rowa. Hasken da ke sauka a kan gonar Kajiji a shekara ya kusa ninka na Jamus sau biyu.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce, wanda ya bar kwal da fetur ya koma rana da iska, bai rabu da tono ƙasa ba, abin da yake tonowa ne ya sauya. Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar da rahoto a 2021 da ya nuna cewa mota mai aiki da lantarki tana cin ma'adinai ninki shida na mota mai shan fetur. Batirinta na buƙatar litiyom, da girafayit, wato wannan baƙin abin da ke cikin fensir, sau da yawa har da nikel da kobal. Wayoyin wuta na buƙatar jan ƙarfe mai yawa. Manyan fankokin da iska ke juyawa suna buƙatar wani irin maganaɗisu da ake yi da wasu ma'adinai masu wuyar tacewa. Mafi yawan waɗannan abubuwa Jamus ba ta haƙo su a ƙasarta. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Kwango yake fitowa. Litiyom kuwa Ostireliya ce kan gaba, Chile ma na cikin manyan masu samar da shi. Uwa uba, ko a ina aka haƙo dutsen, galibi Sin ake kai shi a tace. Sin ke tace fiye da rabin litiyom ɗin duniya da kusan kashi 90 na waɗancan ma'adinai na maganaɗisu, kuma fiye da kashi 80 na aikin ƙera farantan sola a can ake yi. Ka juya farantin da ke kan rumfar mai caji ka karanta bayansa, da wuya ka ga sunan wata ƙasa ba Sin ba.

Jamus ta riga ta ɗanɗana kuɗar dogaro da mutum ɗaya. Kafin yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, fiye da rabin iskar gas ɗin da take saye daga Rasha yake zuwa. Da aka rufe bututu, farashin wuta ya tashi, masana'antu suka shiga taitayinsu. Sai ga shi a 2023 Sin ta fara taƙaita fitar da wasu ma'adinai, har da girafayit. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka da ta fara aiki a Mayun 2024, ta lissafa ma'adinai 34 da ta ce rayuwar masana'antunta ta rataya a kansu. Ta kuma ajiye wa kanta ma'auni zuwa 2030 a kan mafiya muhimmanci daga cikinsu: ta haƙo kashi 10 na buƙatarta a gida, ta tace kashi 40 a gida, ta samu kashi 25 daga tsofaffin kayan da aka sake sarrafawa, kuma kada ta sayi fiye da kashi 65 na kowane ma'adini daga ƙasa ɗaya. Gwamnatin Jamus ta ware Yuro biliyan 1 don shiga hannun jari a ayyukan ma'adinai. Shugaban gwamnatinta na lokacin, Olaf Scholz, ya taka da ƙafarsa zuwa Ajantina da Chile a Janairun 2023, ya zo Abuja a ƙarshen Oktoban wannan shekarar ya zauna da Shugaba Bola Tinubu a kan gas da ma'adinai, sannan a Yulin 2024 ya je Sabiya aka sa hannu kan yarjejeniyar litiyom.

Ku sake duba waɗancan alƙaluma. Haƙa kashi 10, tacewa kashi 40. Ma'anarsa a fili take: ramin ya tsaya a ƙasar wasu, matatar ta zo ƙasarsu, domin a matata riba take, a can aikin yi mai albashi yake. Ban ga laifinsu ba, kowa gidansa yake gyarawa. Su sun zauna sun yi lissafinsu da biro da takarda. Abin da ke damuna shi ne mu da dutsen ke ƙarƙashin ƙafarmu, sau da yawa ko sunansa ba mu sani ba sai ranar da baƙo ya zo da buhu da sikeli.

Akwai abin da ya faru a Sabiya da ya kamata manomi ya ji. Manoman kwarin Jadar, inda litiyom ɗin yake, sun ce ba su yarda a ɓata musu ƙasa da ruwa ba. Mutanen birni suka mara musu baya, aka tare hanyoyi, har gwamnati ta soke izinin kamfanin Rio Tinto a Janairun 2022. Da aka dawo da maganar a 2024 suka sake fitowa. Manoma ne kamar ku, masu shanu da masara. Abin da suka fi mu da shi, sun san abin da ke ƙarƙashin gonarsu, sun kuma san abin da doka ta ba su.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, yanzu mu dawo gida.

Kwanakin baya na zauna a teburin mai shayi, sai wani saurayi da bai fi shekara ashirin ba ya zaro wani ƙullin leda daga aljihu ya kwance a gabanmu. Dutse ne mai ɗan launin shunayya, yana ƙyalli, in ka goga shi sai ya bar ɓarɓashi a yatsa kamar ɓawon kifi. Ya ce daga wajen aiki ya zo da shi, can kudu da mu, kuma yana shirin komawa da ƙannensa biyu. Na ce masa, "Ƙanena, me ake yi da shi?" Ya ce, "Wallahi Malam, mu dai ana auna mana a biya mu." Na ce nawa mai sayen ke sayarwa in ya kai gaba? Ya yi shiru. Tafin hannunsa duk ya tsattsage, yana tari jefi-jefi. Tun ranar nake son yin wannan shiri.

Wannan kasuwa ta litiyom ta riga ta shigo Najeriya. Ana haƙar litiyom a Nasarawa da Kwara da Kaduna da Kogi da Oyo, kuma kusa da mu, a Libata da ke ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, inda kamfanoni suka yi ta taƙaddama a kan lasisi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar kamfanin Avatar, na 'yan Sin, a jihar Nasarawa, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 4,000 na dutse a rana. Ci gaba ne a kan loda ɗanyen dutse a tirela, amma a sani, aikin irin waɗannan masana'antu shi ne niƙa dutsen da ware mai kyau daga tsakuwa. Sinadarin da ke shiga batir ɗin a waje ake ƙarasa shi. A Disambar 2024 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton ƙauyen Pasali a Nasarawa, inda ya iske yara ƙanana, waɗanda ya kamata a ce suna aji, suna zaune cikin ƙura suna tsintar dutsen litiyom.

Wani zai ce, to mu a Sakkwato ina ruwanmu, tunda ba a ce muna da litiyom ba? Ku saurara da kyau. Masana ilimin duwatsu sun ce wannan shimfiɗar ƙasa da muke noma a kanta, daga nan har cikin Nijar, ta taɓa zama ƙarƙashin teku, shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce. Shi ya sa ake tsintar ƙasusuwan kifi da na kada da suka zama dutse a wajejen Wurno da Dange. Wannan teku ya bar mana gado iri uku: farin dutsen da ake siminti da shi, da jibsam da ake haɗawa a simintin, da kuma fosfat. Shimfiɗar da fosfat ɗin ke ciki, a littattafan masana na duniya da sunan Dange ake kiran ta, Dangen nan maƙwabciyar Boɗinga. Yana fitowa ne dunƙule-dunƙule a cikin yumɓu, wani kamar goro, wani kamar ƙwan zabo, ba shi da wani kyan gani. Irinsa ne kuma a yankin Tawa a Nijar.

Manomi ya san fosfat ko bai san sunansa ba. In ka sayi buhun NPK, harafin tsakiyar nan shi ne. Shi ke ƙarfafa saiwa, shi ke sa gero ya cika ido. Mafi yawan fosfat ɗin da ake haƙowa a duniya taki ake yi da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wanda aka tabbatar yana ƙasa a Maroko yake. Da Sarki Muhammad na Shida ya zo Abuja a Disambar 2016, yarjejeniyar da aka ƙulla ta shigo da fosfat ɗin Maroko ce don a haɗa taki a nan. Kafin nan ma, kamfanin takin sufa na Kaduna da ya fara aiki a 1976, daga Togo ake kawo masa dutsen. Namu na nan kwance.

Sabon abin shi ne, fosfat ya shiga batir. Akwai nau'in batir da ake haɗawa da litiyom da ƙarfe da fosfat, ba ya buƙatar kobal ko nikel, ya fi araha, ya fi jure zafi. A 2024 kusan rabin batiran motocin lantarki da aka sayar a duniya irinsa ne, kuma galibin batiran litiyom da masu sola ke kafa wa mutane a gidaje yanzu shi ne. Tarayyar Turai ta sa dutsen fosfat a cikin jerin nan na 34. Kada wani ya ji wannan ya ɗauki diga gobe da safe. Fosfat ɗin batir sai an tace shi tas a babbar masana'anta, namu kuma a warwatse yake cikin yumɓu, tara shi aiki ne. A ganina ma, amfaninsa na farko gare mu shi ne taki, domin ƙasarmu ta gaji, kuma farashin buhu ya fi ƙarfin talaka. Abin da nake faɗa shi ne, idon duniya ya fara komawa kan irin abin da ke ƙarƙashinmu, kuma gara a same mu a shirye.

Ba yau aka fara zuwa neman dutse a ƙasar nan ba, kuma mun ga yadda ake ƙarewa. Tun farkon mulkin Turawa kamfanonin Ingila suka dira a kan kuzar Jos. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka shiga kwasar mutane aikin tilas daga lardunan Arewa ana kai su cikin sanyin Filato, da yawa ba su dawo ba. Yau kamfanonin sun tafi, sun bar tafkuna fiye da 1,000 da ke cin mutane da dabbobi. A Nijar, an fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka yi shekara hamsin ana kai shi Faransa, ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake. Da aka rufe mahaƙar Kominak a ƙarshen Maris na 2021, an bar tarin dusar ma'adini mai guba kusan tan miliyan 20 a kusa da garin Akokan. A galibin wannan lokaci, mafi yawan wutar Nijar daga Najeriya take saye, kuma babban layin daga Birnin Kebbi yake tashi zuwa Yamai, ga shi mafi yawan 'yan ƙasar ba su da lantarki a gidajensu.

Amma wanda ya fi kusa da mu, ya fi kuma ciwo, shi ne na Zamfara. Iyayenmu mata, ga wurin da na ce ku matso. A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya aka gano har da Bagega. Yaro sai ya fara amai, ya sanƙare, ya suma, a yi maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Ashe zinariya ce ta yi tsada a duniya, maza suka riƙa kawo dutsen gida. Ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana daka shi a turmin da ake daka dawa, ana shanya garin a tsakar gida inda yaro ke rarrafe. Dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a kan tabarma, a kan ƙwarya, a bakin rijiya, yaro ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Dubbai aka yi wa magani, wasu sun rayu amma gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsu har abada. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a kai gare ta ba sai 2013. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema wa 'ya'yansu, babu wanda ya gaya musu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Bukkuyum ba nisa gare ta da mu ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowane irin dutse ne, ko an ce miki ba shi da guba, kada ki yarda a shigo da shi gida a daka, kada turmin abinci ya taɓa shi, kuma wanda ya dawo daga rami ya cire kayan aikinsa ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.

Wannan gargaɗi ya shafi tsohon batirin mota da irin na sola mai ruwa, domin dalma ce a cikinsa. Na sha ganin an fasa shi a bayan shago an zubar da ruwan a ƙasa, yara na wasa da faifan ciki. In ya mutu, a ajiye shi a rufe inda yaro ba ya kaiwa, a mayar wa mai sayarwa ko mai saye ba tare da an fasa ba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Mutanen Shagari sun fi kowa sanin cewa tunanin sarrafa arzikinmu a gida ba sabo ba ne. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, shi ya aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta a 1980, domin a narka dutsen ƙarfen Itakpe a nan maimakon a sayo ƙarfe daga waje. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, babbar tukunyar narkawar ba ta taɓa aiki ba, kuma wannan asara ce da ta shafi kowane ɗan ƙasa. Amma ga Kalambaina a gefenmu. An kafa kamfanin siminti na can a 1962, ya fara fitar da buhu a 1967, yau yana hannun kamfanin BUA. Dutsen nan ne, masana'antar nan ce, direbobi da leburori da injiniyoyi 'ya'yanmu na ci a ciki. Duk da ƙorafin ƙura da na filaye da maƙwabta kan yi, wanda hakkinsu ne a saurare su, bambancin dutsen da aka sarrafa a gida da wanda aka loda aka tafi da shi a bayyane yake. Wasu ƙasashe sun gane haka. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga Janairun 2020, kamfanoni suka zo suka gina matatu a can. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyom a Disambar 2022. Ma'aikatar ma'adinai ta tarayya a ƙarƙashin Minista Dele Alake ita ma ta ce ba za a ba da lasisi ga wanda bai zo da shirin sarrafawa a gida ba. Magana ce mai kyau, aikinmu ne mu riƙa tambayar wakilanmu ina aka kwana.

To, me doka ta ba mai gona? Tsarin mulkin 1999, sashe na 44, ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Saboda haka babu uban ƙasa ko hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma da ke da ikon sayar wa wani dutse, lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ba ta bar ka hannu rabbana ba. Mai neman lasisi a kan gonarka sai ya sanar da kai ya nemi amincewarka a rubuce. Nan ne ake cutar mutane da yawa: a zo da takarda da Turanci, a ba mutum ɗan abin goro, ya dangwala yatsa, bai san ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Kana da hakkin diyyar amfanin gona da itatuwa da gini, da kuɗin hayar fili. Dokar ta keɓe cikin gari da kasuwa da maƙabarta, ba a haƙa a nan. Kuma kafin kamfani ya fara aiki, wajibi ne ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin a kan abin da zai yi musu, kamar makaranta da asibiti da ruwa da hanya da koya wa matasa sana'a, a kuma sake duba ta duk bayan shekara biyar. Ba alfarma ba ce, sashe na 116 ne na dokar. In kuma ku da kanku kuke son yin aikin, doka ta yarda 'yan ƙasa su haɗu a ƙungiyar gama kai su nemi lasisin ƙaramar haƙa na shekara biyar. Mai lasisi yana iya zama ya yi ciniki, marar lasisi kuwa kullum a hannun dillali yake, ga tsoron kamu.

Matasa, ku nake ji wa tsoro fiye da kowa. Kasuwar dutse ba ta da amana. Farashin litiyom ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, kafin shekara biyu ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100, har manyan mahaƙu a Ostireliya suka dakatar da aiki. Wanda ya sayar da gonar gado ko ya bar makaranta saboda farashin bana, baɗi ina zai dafa? Ga kuma rami. A watan Yunin 2024 rami ya rufta da masu haƙa a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro bayan ruwan sama, iyalai da dama ko gawa ba su samu ba. Mun kuma ga yadda zinariya ta jawo masu bindiga a Zamfara, har gwamnati ta hana haƙa a jihar daga 2019 zuwa ƙarshen 2024. In wannan sabon zamani ne ke burge ku, akwai ƙofar da ta fi rami. Kowane faranti da aka kafa a Kajiji yana buƙatar mai haɗawa da mai gyara, kowane injin ban ruwa na sola zai lalace wata rana. Ga jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Muna buƙatar ɗan Shagari ko ɗan Boɗinga da zai ɗauki dunƙulen dutse ya gaya wa mahaifinsa sunansa da darajarsa kafin baƙo ya faɗa.

Iyayenmu sarakuna, ranku shi daɗe, baƙo ba ya shiga daji sai ya bi ta ƙofar fada. In ya zo, a nemi ganin lasisinsa da lambarsa, a aika a tabbatar a ofishin ma'adinai na tarayya da ke Sakkwato, a tara masu gonakin da abin ya shafa a yi maganar a bainar jama'a. Malamanmu, ku sa maganar gubar dalma a cikin wa'azi kamar yadda kuka sa ta rigakafi.

Kai kuma Baba mai gona, in an kawo maka takarda, ko wane ne ya rako mai ita, ka ce a bar maka ita ta kwana. Ka nemi ɗanka ko malamin makarantar garinku ya karanta maka ita da Hausa tun daga farko har ƙarshe, a gaban shaidu, kuma a bar maka kwafi a hannunka kafin ka dangwala yatsa.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]